Igiyar nan dai ta daina miƙewa

'Yan uwa masu fama da Blender, manhajar ƙira abubuwa da motsa su a kwamfuta, a taya ni murna. Jiya da daddare igiyar ta sauko daga cikin jirgi, ta yi lilo, ta tsaya a tsawonta, ɗan ma'aikacina ya zamo a kanta har rufin gida ba tare da ta tsere masa daga hannu ba. Sai da na tashi na zaga ɗaki kafin na dawo na sake kunnawa, don ban yarda da idona ba.

Ga waɗanda ba su bi maganar tun farko ba: gajeren fage nake haɗawa, daƙiƙa goma kacal, don girmama buɗewar fim ɗin Arthur Christmas na 2011, wanda Sarah Smith ta ba da umarni, kamfanin Aardman na Biristol a Ingila suka yi tare da Sony Pictures Animation. Jirgina da 'yan tsanata duk ƙirar hannuna ne, salon kawai na aro. Wanda ya kalli fim ɗin ya san abin da ya kama ni. An mayar da rabon kyautar Kirsimeti aikin soja tsantsa. Ga jirgin S-1 mai faɗin kusan mil guda ya rufe gari, cikinsa ya rikiɗe ya zama sararin sama da taurari don kada a gan shi, ga dubban 'yan elf, ƙananan ma'aikatan Baba Kirsimeti, suna zubowa ta igiyoyi, kowane gida daƙiƙa 18.14 aka yanka masa. Steve, babban ɗan Baba Kirsimeti, yana can ƙarƙashin ƙanƙarar Arewa cikin kakinsa yana ba da umarni, gemunsa an gyara shi siffar bishiyar Kirsimeti. Kyauta biliyan biyu a dare ɗaya, sai ta yarinya guda, Gwen ta Trelew a Konwal, ta faɗi a hanya. Mutane sun fi yabon tafiyar Arthur, ƙanin Steve, da kakansa a tsohon keken barewa don kai mata kekenta, kuma ta cancanci yabo. Ni dai mintunan farkon nan ne suka hana ni barci. Aardman da muka sani da yumɓu, masu Wallace & Gromit da Chicken Run, sun shiga kwamfuta amma ba su bar nauyin abubuwa a baya ba. Igiyarsu tana da nauyi. Tawa kuwa ba ta da shi, ko in ce ya yi mata yawa.

Ga yadda abin ya kasance. Layi ɗaya na ɗigogi na ja, na ɗora masa Cloth, mai sa abu ya yi motsi kamar yadi, na maƙale ɗigon sama a Pin Group don ya tsaya wuri ɗaya, kamar yadda kowa ke yi. Da ɗigo 60 igiyar tana ɗan miƙewa amma ana iya haƙuri, sai dai in ta lanƙwasa kusurwoyi suna fitowa, mummuna. To me za a yi? A ƙara ɗigogi. Na kai su 240. Wayyo. Sai ta koma cingam, tana ta tsawo tana tsawo har ta huda rufin gidan ta shige ƙasa. Na ɗaga Tension, wato ƙarfin hana miƙewa, daga 15 ɗin da yake zuwa da shi zuwa ɗaruruwa, miƙewar ta ragu, amma sai ta kama karkarwa. Na ɗaga Quality Steps, wato yawan lissafin da ake yi wa kowane firam (hoto ɗaya na fim), daga 5 zuwa 30, karkarwar ta lafa, kwamfutar kuma ta fara nishi, kowane firam sai na jira shi. Duk gyaran da na yi a nan sai ya ɓalle a can.

Abin da ya warware mini kai shi ne lissafi a bayan takarda. Nauyin da ke cikin Cloth, wato Vertex Mass, na kowane ɗigo ne, ba na igiyar gaba ɗaya ba, kuma yana farawa a kilo 0.3. Ɗigo 60 kilo 18 ke nan. Ɗigo 240 kuwa kilo 72, duk suna rataye a kan gaɓar farko da ke sama. Ga shi kuma gaɓoɓin sun ninka sau huɗu, kowace tana ba da nata ɗan miƙewar, su taru su zama bala'i. Ku matso kusa da saman igiyar ku duba da kanku: ɗigogin sama sun wawware, na ƙasa suna nan a matse. Wannan alamar kaɗai ta isa ta gaya maka nauyi ne matsalar.

Na rage nauyin zuwa 0.02, ina jiran a ce an gama. Ina! Miƙewa ta tafi, sai igiyar ta koma shawagi, tana saukowa a hankali tana yanga, domin yanzu juriyar iska ta fi ƙarfinta. Igiyar da sojoji ke zamowa a kai daga jirgi mai saukar ungulu kauri gare ta, kusan milimita 40, kuma da gangan aka yi ta da nauyi don kada iskar farfela ta riƙa wasa da ita. Irin faɗuwar nan mai ƙarfi nake so, ta faɗo ta tsaya. Rage Air Viscosity, wato juriyar iskar, ya taimaka, amma ba shi ne maganin ba.

Maganin shi ne a daina tilasta wa Cloth aikin da ba nasa ba. Na koma ɗigo 36 kacal, nauyi matsakaici, Tension sama, Quality Steps 12. Kusurwoyin da suka kore ni tun farko kuma na bar wa Geometry Nodes, sashen da ke sake fasalin abu mataki-mataki: Mesh to Curve, a juya nau'in layin da Set Spline Type zuwa Catmull Rom, Resample Curve ya cika shi da ɗigogi iya son raina, sannan Curve to Mesh da ɗan da'ira ya ba shi kauri. Lissafin motsi a kan ƙashi mara yawa, laushin ido a bayansa. Ku tabbata Cloth yana sama da Geometry Nodes a jerin, in ba haka ba za ku ga abin mamaki. Yanzu igiyar tana gudana kusan kai tsaye a allon, ba jira.

Nan ne kuɗi suka yi kuka. Lokacin da nake fama da ɗigo 240 da Quality Steps 30, wuta ta ɗauke ana tsakar gasa motsin, wato Bake da ke lissafa shi ya adana, batirin kwamfutata kuma kun san halinsa. Dole na tayar da janareta, fetur na N6,000 ya ƙone a dare guda a kan igiyar da ƙarshe na goge ta. Har yanzu in na tuna sai na ji a ƙirji. Ku adana fayil ku kunna Disk Cache kafin ku danna Bake. Sannan ku duba ƙarshen ma'ajin, yana tsayawa a firam 250; nawa fagen 240 ne a kan 24 a daƙiƙa, na tsira da kyar, amma wanda ya wuce haka igiyarsa za ta sandare a iska.

Da na tsara zan gama jirgin da rufin gidaje tukuna, sannan igiya, sannan 'yan elf. Duk ya cakuɗe. Jirgin har yau ba shi da fenti, amma na riga na shiga zamowar ɗan elf, domin igiya ba mai hawa ba ta gaya maka komai. Follow Path, mai sa abu ya bi layi, ba ya bin igiyar da Cloth ke kaɗawa, don haka na yi dabara: wani abu mai ɗigo ɗaya tal, Sample Curve yana ɗauko masa wuri a jikin igiyar, Set Position yana kai shi can, na ɗaura Empty, wani maƙalli da ba ya fitowa a hoto, a kan ɗigon, ƙasusuwan ɗan elf kuma a kan Empty. Factor na Sample Curve, mai nuna inda yake a tsawon igiyar, nake motsawa daga 0 zuwa 1. Da farko sama ya riƙa hawa, daga rufi zuwa jirgi, na yi dariya har da hawaye. Reverse Curve ya daidaita shi. Gaskiya igiyar ba ta jin nauyinsa, yaudara ce, amma na ɗan girgiza ɗigon sama daidai lokacin da ya kama ta, ido kuma ya yarda.

Da na kwafa su suka zama takwas sai na ƙara ganin gwanintar masu fim ɗin. Nawa duk suka sauko a firam ɗaya, suka dira a firam ɗaya. Tsari ya yi tsari, amma ba rai, injin kawai kake gani. Na koma buɗewar fim ɗin ina tsayar da shi firam bayan firam. Abin da ke ba ka jin horon soja a wurinsu shi ne duk manufarsu ɗaya, ba wai motsinsu ɗaya ba: wannan ya riga wancan da ɗan kaɗan, wani ya dira ya durƙusa, wani ya riga ya zura da gudu. Ko Bryony, 'yar sashen naɗe kyauta, da take alfahari da iya naɗe komai da salatif uku, ƙa'ida take bi amma da ɗoki take binta. Na jinkirta nawa da firam biyu zuwa biyar tsakaninsu, na bambanta tsawon igiyoyin kaɗan, na sa ɗaya ya yi birki da wuri kafin rufi. Nan take suka zama runduna.

Saura hannuwa. Yatsun suna shigewa cikin igiyar in an matso da kyamara, kuma a firam ɗin da ya sake ta akwai ɗan tsalle da Child Of, mai ɗaure abu a jikin wani, ke yi wanda na kasa kashewa, ko da na danna Set Inverse. In an fitar da hoton da EEVEE, Motion Blur ya dusashe motsin, ba a cika lura ba, amma ni ina ganinsa, kuma yana ci mini rai. Wanda ya taɓa raba hannu da abu mai motsi ba tare da wannan tsallen ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya jera makullan motsinsa (keyframes), a firam ɗin sakin yake sa Visual Transform ko a wanda ya gabace shi? Dusar ƙanƙara da fitilun gari sai bayan an biya albashi.