Kafin ka sayi gadon hostal lokacin hutu

Jiya na tarar da ɗan yayata zai tura wa wani ɗalibi kuɗi ta waya, wai zai bar masa gadonsa na hostal ya zauna har ya gama SIWES, wato horon koyon aiki da ake tura ɗalibai, a nan Bauchi. Na ce tsaya, ina takardar? Ya ce, "Kawu, ai abokin abokina ne."

Haka ni ma na yi lokacin nawa SIWES ɗin. Na danƙa wa wani ɗalibi kuɗi hannu da hannu, ba rasit. Ba wauta ce zalla ba: masu gidajen haya a Yelwa da Gwallameji kuɗin shekara suke nema, ni kuwa wata 6 kawai zan yi, kuma ba ni da kowa a garin. Amma na sani sarai gadon ba nasa ba ne. Na makaranta ne, aka ba shi na zangon karatu ɗaya, ranar da aka yi hutu ikonsa ya ƙare. A mako na uku aka manna sanarwar feshin maganin kuɗin cizo, kowa ya fita. Fota, mai kula da hostal ɗin, ya duba littafinsa, babu sunana. Katifata ta kwana a baranda, ruwan Agusta ya jiƙe ta sharkaf.

Na so in jero maka shawarwari goma, kaɗan sun isa. Je ofishin kula da harkokin ɗalibai da ƙafarka. Tambayi wane ginin hostal ne zai zauna a buɗe, don yawanci ba duka ake bari ba. Kuɗi ya shiga asusun makaranta, ka riƙe rasit mai lambar ɗaki da ranar fita. Sannan shiga banɗaki ka murɗa famfo. Lokacin hutu ana rage tada janareta, in babu wuta burtsatse ba ya tura ruwa tanki, sai sayen jarka. Ɗaga katifa ka duba bakin ɗinki. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi, kuɗin cizo ne. Tafi da gidan sauro da kwaɗonka, damina ce.

Ni dai da ka haƙura da hostal ɗin, ka raɓa gidan dangi. To, in takardar ta fito, shiga, ya fi haya sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ke ƙona min rai, yaran yanzu ko ɗakin ba ku zuwa gani. Hoto a WhatsApp, sai tura kuɗi. Yau da safe na ba ɗan yayar tawa kuɗin Keke, na ce kada ya dawo min sai da takarda mai hatimi.