Yadda na zaɓi kayan gina fuskar manhajar fiziks

Ina koyar da fiziks a wata sakandare a cikin garin Katsina. Na rubuta 'yar manhaja da Python, wato wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, don ɗalibai su riƙa ganin motsin lilo, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ratayewa da zare, da kuma yadda ƙwayoyin iskar gas ke karo da juna. Lissafin bai ba ni wahala ba. Fuskar manhajar ce ta tsayar da ni: taga, madannai, da abin ja da yaro zai ƙara tsawon zare da shi.

Cikin kayan gina fuskar manhaja, da Tkinter na fara, tunda tare yake zuwa da Python, ba sai an ƙona data ba. A kan lilo ɗaya ya yi daidai. Da ƙwayoyin gas suka kai ɗaruruwa sai ya koma tafiyar hawainiya. Pygame kuwa, kayan haɗa wasannin kwamfuta, gwani ne a motsi, amma kowane madanni sai ka zana abinka da hannu. Electron ban ma taɓa shi ba, don yana ɗauke da Chromium, wato burauzar da aka gina Chrome a kanta, sukutum, injinanmu na kwamfuta ba za su iya ba.

Su injinan ne ma suka yanke hukunci. Tsofaffi ne 'yan gwanjo, Windows 7 ke kansu. Qt 6, wani zubi na kayan gina fuska na Qt, da ya fito a Disambar 2020 ba ya aiki a kanta, haka ma Python daga 3.9 zuwa sama. Sai na tsaya a Python 3.8 da PyQt5, wato Qt 5 na Python, na haɗa da pyqtgraph, kayan zana jadawali, wanda ya fi takwaransa Matplotlib sauri nesa ba kusa ba wajen zane mai motsi. Lasisin PyQt na GPL ne, wanda ke wajabta wa mai raba manhaja ya buɗe lambobin da ya rubuta ta da su, kuma ni kyauta nake rabawa. Mai niyyar sayar da tasa a rufe ya duba PySide, takwaran PyQt mai lasisi mafi sauƙi.

Abin da ya fi zaɓen kansa muhimmanci shi ne raba lissafi da zane. In ka ɗaure su tare, lilon zai yi sauri a kwamfuta mai ƙarfi, ya yi nauyi a raunanniya. Alhali zare mai tsawon mita 1 kusan daƙiƙa 2 yake ɗauka ya je ya dawo, ko a Daura ko a Ingila. Yaro da agogon wayarsa zai kama ka. Don haka lissafin yana tafiya da takunsa na 0.001 na daƙiƙa a fayil ɗinsa daban, yana bin agogon gaskiya, QTimer kuma, wato agogon Qt, yana leƙowa sau 30 a daƙiƙa ya zana inda aka kai. A kowane taku gudun nake fara sabuntawa kafin matsayi, domin hanyar Euler zalla, wadda ke sabunta su duka biyun da ƙimar takun baya, tana ƙara wa lilo kuzarin da babu shi, ya yi ta ƙara faɗin shillo.

Komai a filas nake yawo da shi. Wani abokin aikina ya ce: "Malam, mai zai hana ka mayar da ita ta waya?" Fayil ɗin lissafin dai a shirye yake, fuskar ce za a sake.