Zaman Ƙauye a Jamus: Abubuwan da Sai da Suka Ci Mana Kuɗi Muka Gane

Ƙannena masu shirin zuwa Jamus koyon sana'a ko aikin jinya, ku sani ba duk guraben aiki ne ke Berlin ko Hamburg ba. Gidajen kula da tsofaffi da ƙananan masana'antun da ke neman ma'aikata ruwa a jallo, da yawansu suna garuruwan da mutanensu ba su wuce dubu biyu ko uku ba, musamman a jihohi irin su Bavariya. Mu da muka riga ku zuwa, babban kuskurenmu shi ne da muka ji an ce ƙauye, sai muka ɗauka irin namu ne, inda baƙo ke samun mai masauki, in ya yi ba daidai ba a ja shi gefe a gaya masa. A can ba mai gaya maka. Komai an rubuta shi a takarda, da ranarsa da sa'arsa, kuma an ɗauka ka karanta.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, duba jadawalin bas. Arhar ɗaki ta ruɗi da yawanmu, sai daga baya muka gane abin da muka rage a haya mota ce ke cinye shi. Yawancin bas ɗin ƙauye don 'yan makaranta aka tsara su: ɗaya da sassafe, wasu da rana, daga nan sai shiru. A jikin allon tasha za ka ga ƙananan haruffa kusa da wasu lokuta, ma'anarsu wannan bas ɗin ranar makaranta kawai take fita. Da an yi hutu, musamman dogon hutun bazara na mako shida, sai ta ɓace. Wasu kuma ana ce musu Rufbus, ba ta zuwa sai ka kira waya ka yi rajista, galibi sa'a guda kafin lokaci. In ba ka kira ba, ka kwana a tsaye ba abin da zai zo. Don haka tambayar da za ka yi kafin karɓar ɗaki ita ce: in aikina ya fara ƙarfe 6 na safe ranar Lahadi, da me zan isa? In amsar ba ta wuce ƙafa ko keke ba, ka auna nisan da idonka, ka kuma tuna da watan Janairu.

Akwai tikitin wata da ake kira Deutschlandticket, wanda ya fara a Mayun 2023 kan Yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025. Yana aiki a bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a ƙasar, ban da jirage masu gudu irin ICE. Ba sayen wata ɗaya ba ne, duk wata za a ci gaba da cire maka kuɗi, sai ka soke kafin ranar 10 ga wata.

Maganar mota kuwa, nan ne mutane ke faɗawa rami. Lasisin tuƙin da ka zo da shi daga Najeriya ko Nijar wata shida kacal yake aiki daga ranar da ka zama mazauni. Bayan haka, tuƙi da shi laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, kuma yana iya ɓata maka takardun zama. Canza shi sai ka ci jarrabawa biyu, ta rubutu da ta tuƙi, bayan gwajin ido da kwas ɗin taimakon gaggawa. Ta rubutun ana iya yi da Turanci ko Faransanci ko Larabci. Fara neman makarantar tuƙi a watanka na farko, domin layi na da tsawo, kuma wanda ya fara daga tushe kuɗinsa kan haura Yuro 3000. In ka samu motar, ka sa mata tayoyin hunturu daga Oktoba zuwa Ista. Da asuba da almuru barewa kan tsallaka titi, kuma in ka ga ɗaya, to wata na biye. In ka buge ta, tsaya ka kira 'yan sanda a 110, ka karɓi takardar shaida saboda inshora. Kada ka ce Allah ya kawo nama ka jefa ta a but. A dokarsu wannan satar farauta ce.

Sai takardu. Cikin kwana 14 da tarewa za ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, abin da suke ce wa Anmeldung, da fasfo da takardar shaidar mai gida. A ranar nan ka liƙa sunanka a jikin akwatin wasiƙa, daidai yadda yake a fasfo. Mai raba wasiƙa suna yake bi, ba lambar ɗaki ba. In bai ga sunan ba sai ya mayar. Ta nan lambar harajinka da katin banki da katin inshorar lafiya za su zo, kuma in lambar haraji ta makara, albashinka na farko zai sha yanka. Kowace wasiƙa ka buɗe ta ranar da ta zo, ka nemi kwanan watan da aka ba ka wa'adi. Mu mun tara su a aljihun tebur saboda Jamusancin ya yi mana nauyi, ƙaramin bashi ya riƙa haihuwa. Ambulan mai ruwan ɗorawa kuwa daga kotu ko hukuma yake, kuma wa'adinsa ya fara ƙirguwa tun ranar da aka rubuta a jikinsa. Kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata tun 2021, kowane gida yana biya ko babu talabijin. Ba damfara ba ce, biya kawai.

Abin da ya fi wahalar da wanda ya tashi a Kano ko Damagaram shi ne yadda ake zama da sanyi a cikin ɗaki. Hankalinmu yana ce mana mu toshe ko'ina, mu dafa abinci, mu shanya kaya a ciki, kada iska ta shigo. Wannan tururin ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a bango mai sanyi. Bayan 'yan makonni ka janye katifa ko kabad, ka tarar kusurwa ta yi baƙin ɗigo-ɗigo, ɗaki na warin rima, kai kuma kana tari. Ranar tashi mai gida zai cire kuɗin gyara daga ajiyar da ka ba shi lokacin kama ɗaki, wadda kan kai hayar wata uku. Maganin shi ne ka buɗe taga wangame sau biyu ko uku a rana, minti 5 zuwa 10, ka rufe. Barin ta a ɗan karkace yini guda shi ya fi muni, bango ne ke yin sanyi iskar kuma ba ta sauya ba. Ka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kabad da bangon waje. Sayi ɗan agogon auna laima, in ya haura 60 ka buɗe taga. Murfin na'urar ɗumama ɗaki yana da lambobi: 3 kusan digiri 20 ne, ya isa. Murɗa shi zuwa 5 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, yana dai sa shi ƙin tsayawa. Kuɗin da kake biya duk wata ƙiyasi ne, sau ɗaya a shekara ake yin lissafi na gaskiya a aiko maka da ciko. Hita ta lantarki kuwa ka rabu da ita: mai wat 2000 in ta yi sa'a 5 ta sha yunit 10, in yunit senti 35 ne, ka ga a wata ta haura Yuro 100.

Shara ma kalanda gare ta. Takarda daban, robobi da gwangwani daban, ragowar abinci daban, sauran tarkace daban, kuma a wurare da yawa mako biyu-biyu ake kwasa. Fitar da bola da yamma ana gobe za a zo. In ka cakuɗa, su bar maka abarka. Gorar ruwa ta roba mai alamar ajiya kada ka jefar, senti 25 ce in ka mayar kanti. Lahadi kantuna a rufe suke, a Bavariya ma sauran ranaku ƙarfe 8 na dare ake rufewa, don haka cefanen Asabar ba abin wasa ba ne. Daga 10 na dare zuwa 6 na safe, da Lahadi gaba ɗaya, lokacin shiru ne. Hirar waya da 'yan gida da muryarmu ta gado tana ratsa bango. Karanta takardar hayarka ka ga ko share ƙanƙarar ƙofar gida na wuyanka, domin in wani ya zame ya karye, kai ne za ka biya. Inshorar da ke ɗaukar irin wannan, Haftpflicht, 'yan Yuro kaɗan ce a wata.

Wajen abinci, haddace kalmomin nan kafin ka iya gaisuwa ma: Schwein, Speck, Schinken, Schmalz, duk alade ne. Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa gemischt haɗin naman shanu da na alade ne. Naman halal sai kantin Turkawa a babban garin gunduma, saboda haka firiza ta fi maka sabuwar waya amfani. Kada ka sa a taho maka da kilishi, an hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai. Shinkafar da suke kira Milchreis tana yin tuwo lafiya lau, kabewa kuma da kaka ta cika kasuwa, ga man gyaɗa marar sukari, miyar taushe ta samu. Ragon layya ba a yanka shi a bayan gida. Masallacin Juma'a ma galibi yana can garin gunduma, sai ka nemi musayar aiki tun ana tsara jadawalin wata. A Disamba azahar da la'asar da magariba duk cikin sa'a huɗu suke faɗawa, a Yuni kuwa isha sai bayan 11 na dare.

Mutanen ƙauye za su kalle ka, har a ɗaga labule. Yawanci son sani ne, wani lokaci kuma ƙiyayya ce tsagwaronta, ba zan ɓoye muku ba; in ta kai ga zagi ko barazana, rubuta rana da wuri ka kai ƙara. Amma abin da muka yi wa kanmu ya fi yawa: daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai WhatsApp, har hunturu ya ƙare ba mu san sunan maƙwabci ba. Gai da duk wanda ka haɗu da shi a hanya, Grüß Gott a kudu, Moin a arewa. Babba ka kira shi da Sie, kalmarsu ta girmamawa, da sunan iyalinsa har sai shi ya ce ka sauke. Ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa, kuma in an ce ƙarfe 3, to 3 ɗin ake nufi. Zumuncinsu a ƙungiya yake, ta ƙwallo ko ta 'yan kwana-kwanan sa-kai, waɗanda kusan kullum suna neman matasa. A nan ake jin labarin ɗakin haya da tsohuwar mota da wanda zai rage maka hanya, a nan kuma kunnenka zai saba da karin harshensu, wanda ya sha bamban da na aji. In an miƙo giya ka ce Apfelschorle kake so, ruwan tufa ne da soda, ba wanda zai ga baikenka.

Likitan gari kuma ka yi rajista da shi tun kana lafiya, domin wasu sun cika ba sa karɓar sababbi. Ciwon dare ko na ƙarshen mako da bai kai na ɗaukar gaggawa ba, 116117 ake kira. 112 ta motar asibiti da gobara ce. In a kudu kake, tambaye shi allurar rigakafin cutar kaska kafin bazara, ka kuma riƙa duba bayan gwiwa da hammata duk ranar da ka ratsa ciyawa.