Na Je Dajin Zinariya na Tarim, Na Iske Shi Kore Shar

Makonni biyu kacal ne suka raba ni da abin da na je nema a dajin itatuwan hamada da Sinawa ke kira huyang, na bakin kogin Tarim a yammacin ƙasar Sin, kuma har yau idan na tuna da kuɗi da wahalar da waɗannan makonni suka jawo mini, sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ina karatu a birnin Shi'an na ƙasar Sin, kuma tun shekarata ta farko nake ganin hotunan dajin: itatuwa masu murɗaɗɗen jiki a tsaye cikin rairayi, ganyensu rawaya kamar an zuba musu zinariya, inuwarsu kwance a kan ruwa. Da hutun bikin ƙasa na ranar 1 zuwa 7 ga Oktoba ya matso, sai na duba intanet, na ga an rubuta cewa farkon Oktoba ne lokacin da ganyen huyang ya fi kyau, na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Korla, babban birnin yankin da dajin yake, ba tare da na tambayi kowa ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, rubutun da na karanta yana magana ne a kan dajin Ejina da ke jihar Mongoliya ta Gida, ni kuwa na nufi na gundumar Luntai a jihar Shinjiyang. Itacen ɗaya ne, amma lokacin ba ɗaya ba ne. Sanyin dare ne ke juya ganyen daga kore zuwa rawaya, kuma sanyi yana riga sauka a Ejina, shi ya sa dajin can yake nuna daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, yayin da na Tarim yake jira sai tsakiyar Oktoba, ya kai har farkon Nuwamba. A gurguje na karanta shafin, idona ya tsaya a kan sunan itacen da kwanan wata, ya tsallake sunan wurin.

Na kwana na wuni a jirgi a kan kujera, domin gadajen kwana sun ƙare saboda cunkoson hutu. Daga Korla na shiga mota zuwa Luntai, inda otal biyu suka mayar da ni saboda ba su karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, na uku ya karɓe ni a kan farashin lokacin biki. Washegari wani direba Ba'uygure, wato ɗan ƙabilar Uygur ta yankin, dattijo mai farin gemu, ya ɗauke ni muka bi hanyar da ta ratsa hamadar Taklamakan, tafiyar kimanin kilomita 70 kudu da gari. Tun kafin mu isa ƙofar shiga na fara hango itatuwan a gefen hanya, kore shar, sai ɗan tsilli-tsillin rawaya a saman wasu rassa. Na tambaye shi ko can ciki ne masu launin suke. Ya dube ni ta madubi ya ce, “Ɗana, wa ya ce maka ka zo yanzu? Ka yi sammako da mako biyu.” Ban iya ba shi amsa ba, domin babu wanda zan ɗora wa laifi.

Duk da haka na shiga, tun da na riga na zo. Na hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da ke zagayawa da masu yawon buɗe ido, na sauka na yi yawo da ƙafa, zuciyata a dagule. Dattijon, wanda ya ga halin da nake ciki, ya biyo ni yana nuna mini abubuwan da mai neman hoto ba ya tsayawa dubawa. A harshensu toghrak suke kiran itacen. Ya nuna mini cewa itace guda yana ɗauke da ganye iri-iri: na ƙananan itatuwa da rassan ƙasa siriri ne dogo, na manyan rassan sama kuwa faffaɗa ne mai haƙora a baki. Ya ɓantaro wani farin abu da ya daskare a jikin wani tsagaggen kututture ya ce in ɗanɗana, na ji shi kamar kanwa. Gishirin ƙasa ne da itacen yake sha tare da ruwa sannan ya fitar, kuma mutanen yankin sun daɗe suna sa shi a kwaɓin fulawa. Ya kuma faɗa mini zancen da kowa ke yi a kansa, cewa yana rayuwa shekara dubu, ya mutu ya tsaya shekara dubu bai faɗi ba, ya faɗi ya yi dubu bai ruɓe ba. Kirari ne kawai, amma wanda ya ga matattun kututturan nan farare fat a tsaye cikin rairayi ba zai yi saurin musu ba.

A wurinsa na fahimci cewa dajin na kogi ne, duk da yana tsakiyar hamada. Ƙanƙarar duwatsun Tiyanshan da Kunlun ce ke narkewa da zafi, Tarim ya cika ya yi ambaliya, irin itacen ya faɗa kan danshin da ruwa ya bari ya tsiro. Inda kogin ya sauya hanya ko aka tare shi, sai dajin ya mutu a tsaye. Haka ya faru a ƙasan kogin, wanda ya ƙafe tun farkon shekarun 1970 bayan gina madatsar ruwa, sai daga shekarar 2000 aka fara sako masa ruwa da gangan don a ceto abin da ya rage.

Wannan ilimi bai sanyaya mini rai ba a lokacin. Na koma Shi'an da hotuna masu launin kore da na ji kunyar nuna wa abokaina, na yi kwanaki ina lissafin abin da na kashe. Daga ƙarshe taurin kai ya rinjaye ni: na taɓa kuɗin da na ware don sayen kwamfuta, na nemi izinin kwana uku a makaranta, na hau jirgin sama zuwa Korla a mako na huɗu na Oktoba. A wannan karon sai da na kira dattijon ya turo mini hoton da ya ɗauka da wayarsa a ranar kafin in biya ko sisi, kuma wannan ita ce shawara ɗaya da nake ba duk mai niyyar zuwa. Kwanan watan da aka rubuta a intanet ƙiyasi ne, domin sanyi yakan yi jinkiri ko gaggawa, kuma iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe ganyen bayan ya nuna. A nemi wanda yake wurin, ya duba da idonsa.

Sai ga shi na sake yin tuntuɓe da irin dutsen farko. Mun yi da dattijon cewa zai zo ƙarfe bakwai na safe don mu riski fitowar rana. Na fito ƙarfe bakwai agogon Bejin, wanda shi ne na hukuma a duk ƙasar, na tsaya a ƙofar otal cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi, shi kuwa yana nufin agogon gida da Uygurawa da yawa suke amfani da shi, wanda yake baya da sa'o'i biyu. Ya iso ƙarfe tara a agogona, rana ta riga ta fito, yana mamakin ganina ina rawar ɗari. Nan ma tambaya ɗaya ce ban yi ba, wato da wane agogo.

Washegari muka daidaita, muka bar gari da duhu, muka isa bakin wani tafki da ambaliyar bazara ta bari kafin gari ya waye. Da hasken farko ya taɓa saman itatuwan, sai launin ya riƙa saukowa reshe bayan reshe har ya kai ruwa, dajin ya zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Yatsuna sun sandare har na kasa danna wayar da kyau, hotuna da yawa suka fito a gurɓace. Dattijon ya zuba mini shayi daga butarsa, ya gutsuro mini gurasar tanderu da matarsa ta gasa, ya ce in ci tukuna, itatuwan ba za su gudu ba. Kwamfutar kuwa sai a zangon karatu na gaba na iya sayenta.