Laraba, hazo a bakin Gulbi

Hazo ya sauka sosai yau. Da na gama rubuta allon wani shagon ɗinki, sai na ɗauki katakon zane, ni da ƙanena muka gangara bakin Gulbi wajen masu buga tubali. Ban da fari, launi biyu kaɗai na matsa a faranti: ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi.

Ya leƙa ya ce, "Yaya, ina baƙin?" Na ce ya cuɗa biyun ya gani. Ya juya burushi, sai ga launi kamar gawayi, amma da ɗumi a cikinsa. Ya ɗiga fari, ya koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, daidai da itatuwan ƙetaren Gulbi da hazo ya lulluɓe. Dalili shi ne, ruwan ƙasa ruwan lemo ne da ya yi duhu, ruwan lemo kuwa kishiyar shuɗi ne, in sun haɗu kowa na kashe kaifin ɗan'uwansa. Baƙin kwalba ba ya yi mini haka, dusashe zane kawai yake yi, shi ya sa na bar shi ga rubutun allo.

Ruwan ƙasar nan asalinsa ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe da manganis, a gasa ta ta ƙara duhu da ja. Shuɗin kuwa dā daga wani dutse mai tsada na Badakshan a Afganistan ake niƙa shi, kafin wani masanin haɗa sinadarai mai suna Guimet ya samar da na masana'anta a Faransa, aka ba shi kyauta a 1828. Dangin bular da inna ke sa wa fararen kaya ne.

Na fi daɗewa kan tubalan. Ɗanyen da aka fito da shi yanzu duhunsa ya kusa na makuba, na jiya ya fara fari a gefe, inuwar da ke tsakaninsu kuma shuɗi ta ɗauka. Na sa duhun a gaba, duk abin da ya yi nisa na ƙara masa shuɗi da fari, sai ga fili ya buɗe ba tare da na ja layi ba. Wata jar akuya ta ratsa, na so sa ta, amma jan zai ƙwace ido daga tubalan, na ƙyale ta.

La'asar iska ta taso, ƙura ta fara manne wa ɗanyen fenti, muka kife katakon muka hau gida. Farin ya kusa ƙarewa, gobe sai na biya babbar kasuwa kafin in taɓa sararin sama.