Abin da ke ƙarƙashin gashin doki

Maza ne suka fi yi min wannan tambayar, yawanci waɗanda suka kawo matansu shago suka gaji da jira a mota: me zai sa mace, Allah ya ba ta gashinta, ta je ta sayi na wani? Wasu har cewa suke yi so take ta zama Baturiya. Ni da nake wuni kan kawunan mata a nan Kaduna, abin da na fi ji daga bakinsu shi ne gajiya da rashin lokaci.

Gashinmu a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har bakinsa. Shi ya sa yake bushewa yana kakkaryewa, balle da hunturu. Nas ɗin da za ta kama aiki da sassafe, ko 'yar banki, ina ta ga lokacin zaman taje kai kullum? In na yi mata kitso a ƙasa na ɗinke gashi a kai, ta huta wajen sati shida, nata kuma yana ciki ba mai taɓa shi. Akwai waɗanda rilaksa, man miƙar da gashi, ta cinye wa kai tun suna sakandare, gaban goshi ya zube, suna rufewa ne kafin ya tsiro. Baƙaƙen matan Amurka kuwa nasu ya haɗa da neman abinci, don an daɗe ana kallon gashin baƙar mace da kitsonta a matsayin abin da bai dace da ofis ba, har sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta hana nuna wariya saboda gashi.

Matanmu Musulmi da yawa ba sa sawa sam, saboda hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda aka ƙara wa. Wata ta ce in sa mata zare ko ulu. Ni dai ba malama ba ce, nakan ce, "Hajiya, ki tambayo malaminki, abin da kika zo da shi zan yi." Su nake wa shuku da kalaba da nasu gashin, in wanke da karkashi, in bi tsaga da man kaɗanya.

A Zariya na koya, wajen goggona, matar da amaren unguwa ke layi a tsakar gidanta. Sai da na daɗe ina tsifa da miƙo kibiya kafin ta bar ni na kama kan mutum. In na gama layi sai ta tura ɗan yatsa ƙarƙashin kitson, ta dubi fuskar yarinyar. In girarta ta ɗage sama, ko fatar goshi tana ƙyalli, ba ta magana, warwarewa kawai take yi. "Ke, kitso kike ko ɗaure kaya?" Ita ba ta taɓa ɗinka gashin kanti ba har ta rasu, amma duk ɗinkin da nake yi a kan hannunta yake zaune. Tsaga ta fita tsaf, kitson ƙasa ya kwanta ba tudu, siraran gashin gaba a bar su kada a kama, allura ta bi ta cikin kitso ba tare da ta shafi fata ba. Mace ta tashi daga kujerata ta yi barci a daren ba ta nemi maganin ciwon kai ba.

Yanzu kowace yarinya ta kalli bidiyo biyu a TikTok sai ta kafa kujera a bakin titi, ta karya farashi. Su ja gashi har ƙuraje su fito a ƙeya, su shafa gam a goshi, a bar shi wata uku ba wanki. Ranar tsifa sai a kwaso kan a kawo min. Irin wannan sanƙon in ya daɗe, saiwar ta mutu, ba man da zai dawo da shi, kuma nakan faɗa wa mace gaskiya maimakon in sayar mata da kwalba.

Masu kawo kaya ma sai a hankali. A rubuta Brazil a leda, alhali yawancin gashin mutum na gaske daga Indiya da Sin yake fitowa, wasu daga haikalin Tirupati na Indiya inda masu ziyara ke aske kai, a sarrafa shi a birnin Xuchang na Sin. Wannan ma in an yi sa'a ke nan, don sau da yawa an cakuɗa shi da roba. Shi ya sa ba na karɓar ɗauri sai na zari sili na kyasta masa ashana a gaban mai shi. Na gaske yana ƙaurin babbaka, ya zama toka in murje da yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule, yana warin leda. Roba ba laifi ba ce, irin su X-pression da ita nake kitso in tsoma bakin a ruwan zafi, a dai kira ta da sunanta a sayar a kuɗinta.

Sai mai ciniki ta zo ta ce, "Haba Anti, a can rabin haka ake yi." Nakan ɗaga mata gashin gabanta a madubi in nuna mata inda ya fara ja baya. Mai son zama kafin Kirsimeti ko Sallah ta kama layi da wuri, don kai biyu kawai nake ɗinkawa a rana.