Na ɗauka D: faifai ne daban

Wata biyu ke nan da ɗora Linux Mint, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan tsohuwar HP ɗina, amma har yau in na tuna daren sai gabana ya faɗi.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake neman mafita, don kwamfutar ba ta da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. Ƙanina da ke karatu a Samaru ya ce, "Yaya, gwada Mint na Xfce, ba shi da nauyi." Na sauke shi da tsakar dare, kusan gig 3, na zuba a filashi da manhajar Rufus, na danna F9 don kwamfutar ta tashi daga filashin, ya tashi lafiya lau.

Sai aka zo allon da ke tambaya ina za a girka. Na zaɓi "Erase disk and install Linux Mint" hankalina kwance. Shekara da shekaru masu gyara suna gaya mana mu riƙa ajiya a D:, ko an yi wa C: fomatin ba abin da zai taɓa ta. To ni duk kayana suna D:. Gargaɗi ya fito cewa za a share komai, na gan shi da idona, na ce ai C: yake nufi.

Ashe C: da D: faifai ɗaya ne, gida ɗaya da aka ja wa katanga a tsakiya. Linux bai san waɗannan haruffan ba. Shi sda yake gani, ɗakunan cikinsa kuma sda1, sda2, sda3. Da na ce a share, gidan aka rushe har katangar.

Takardun aiki ba su dame ni ba. Abin da ke ci na shi ne muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Kafin rasuwarsa na ɗauke shi da waya sau goma sha ɗaya a zaurenmu na Ƙofar Doka, bayan la'asar, yana ba da labarin kakanninmu da yadda suka zo Zazzau. Wayar ta daɗe da ɓata. A D: kaɗai suka rage.

Kuma ban farga da wuri ba. Sai da na buɗe taminal, wato allon da ake buga umarni, na buga sudo apt update, na bi da sudo apt upgrade don sabunta manhajoji, ina ta murna rubutu yana gudu. Duk abin da yake saukowa a kan wurin tsofaffin fayilolina yake zama. Da asuba na nemi D: na rasa, na kira ƙanina. Bai ko amsa gaisuwa ba ya ce, "Yaya, kashe ta yanzu, kada ka sake kunnawa."

Daga Samaru ya hau babur da faifan waje na aro. Muka tashi kwamfutar daga filashi, muka saka PhotoRec, mai dawo da fayilolin da aka share, wanda ke zuwa a cikin manhajar testdisk, muka bar shi wuni guda, aka ɗauke wuta muka tada janareta. Ya dawo da dubban fayiloli babu sunayensu, sai f da lambobi. Kwana uku ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha ɗaya, huɗu na samu.

Don Allah, in za ka girka, kwafe kayanka a wani faifai, ka buɗe su ka tabbatar suna aiki, sannan ka zare shi. Kafin ka danna komai, buga lsblk a taminal ka ƙirga faifanka nawa ne a zahiri. Kada kuma ka dogara da Timeshift, manhajar adana kwafi da ke cikin Mint, tsarin yake adanawa, ba ya kwashe maka fayilolinka sai ka saita.

Mint ɗin kansa ban da ƙorafi a kansa. Yana tashi da sauri, har tsarin madannai na Hausa na samu a ciki, da shi nake buga ƙ da ɗ da ɓ yanzu. Da shi kuma nake rubuta abin da ke cikin muryoyin nan huɗu. Ta huɗun ta yanke ne a minti na shida, daidai inda Baba ya ce, "To, da suka iso bakin ganuwa..." Na tambayi Gwaggo ko ta san ƙarashen, ta ce in zo ranar Juma'a.